Kwamanda Kalilu da 'Yan Kwana-kwanan Nazare

Da a ce cika baki sana'a ce, da tuni Kalilu ya gina bene a Daura. Maigadi ne a wata 'yar makarantar nazare da ke bayan kasuwa, ta Hajiya Barakatu, mai aji biyu da rumfar zana ɗaya da yara talatin, babbansu bai wuce shekara biyar ba. Aikinsa buɗe ƙofa da rufe ƙofa da korar awaki. Amma in ka same shi a bencin Ɗantsoho mai shayi, sai ka rantse duk gobarar da aka taɓa yi daga nan har Kano shi ya kashe ta. Shekara tara ya yi yana aikin kwana-kwana a birni, in ji shi. Ɗantsoho kuwa tare suka je ci-rani, ya san komai. Rake Kalilu ya sayar a bakin ƙofar 'yan kwana-kwana, shi ma rani ɗaya tak.

Abin da ke ci masa rai bai wuce suna ba. Yara Baba Maigadi, iyaye Baba Maigadi, har 'yan tallan gyaɗa Baba Maigadi. Ya tsani sunan nan kamar me. Burinsa ya tsallake ƙofar nan ya shiga aji, ya riƙe alli, a ce masa Malam ko da sau ɗaya ne kafin ya bar duniya.

Ana nan sai Malama Fadila, mai koyar da ƙananan, ta dawo daga wata bita a Katsina da sabon salon koyarwa. Ta yanka kwali ta shafa masa jan fenti ya zama harshen wuta. Ta zana tsani da alli a ƙasa mai matakala goma, yara na takawa suna ƙirgawa, su je su watsa wa kwalin ruwa da ƙananan kofuna. Wasan kwana-kwana ke nan, ana yi ana koyon lissafi da sanin halin ruwa da wuta. Kalilu ya leƙo ta taga, ya ga abin da ake yi, ya ji kamar an shiga gonarsa ba sallama.

Ko takalmi bai gyara ba ya faɗa ofishin Hajiya.

"Hajiya, ana kashe gobara a gidan nan ba a neme ni ba? Ni da na shiga bene hawa bakwai yana ci, na fito da tsohuwa a kafaɗa da akuyarta a hammata?"

"Wancan makon hawa biyar ka ce."

"An ƙara gini daga baya."

Hajiya Barakatu ta dube shi ta saman tabarau. Ita ma tana cikin damuwa, don iyaye sun fara ƙorafin wai sun kawo 'ya'yansu karatu an ɓuge da wasan ruwa. Ta ce, "Saura mako biyu ranar iyaye. Ka shiga ka taya Malama. In iyaye suka tashi suna murna, ka zama ɗan aji. In ka kunyata ni, kada in sake jin muryarka ta wuce bakin ƙofa. Kuma ban yarda ka taɓa ashana ba, ko tsinke ɗaya."

"Hajiya, wuta ce ke tsorona, ba ni ke tsoronta ba."

Washegari ya shigo aji sanye da rigar ruwa ruwan ɗorawa da hular kwano, duk aron wani ɗan acaɓa. Ya ce daga yau sunansa Kwamanda. Yara suka amsa baki ɗaya, "To, Baba Maigadi."

Malama Fadila ta ajiye bokiti da kofi, ta ce yau za a gano kofi nawa ke cika bokitin. Kalilu ya ɗaga hannu ya tsayar da ita.

"Ɓata lokaci ne. Gogaggen ma'aikaci da ido yake awo." Ya kanne ido ɗaya ya zagaya bokitin. "Ashirin da biyar, ba ɗigo ba ragi."

Yara suka yi layi suna zubawa suna ƙirgawa. A kofi na tara ruwa ya tumbatsa ya jiƙa masa takalmi.

Akwai wata yarinya a ajin, Siddiƙa, shekararta huɗu da rabi, bakinta ya girmi jikinta. Ta ce, "Baba Maigadi, tara ne."

"Bokitin birni na auna. Naku na Daura ƙanana ne."

Malama ta kawo doguwar kwalba da faffaɗan kwano, ta tambayi wanne ya fi cin ruwa. Kalilu ya yi dariyar raini, ya ce ko jinjiri ya san dogo ya fi. Aka cika kwalbar aka juye a kwanon, ko rabi bai kai ba. Kalilu ya ɗaga kwanon ya leƙa gindinsa yana neman huda, ruwan ya kwararo masa cikin hannun riga.

Rana ta uku Malama ta kunna kyandir a kan teburi mai tsawo, ta kife shi da kofin gilashi. Wutar ta yi ƙasa-ƙasa ta mutu. Ta ce, "Wa zai gaya mini dalili?"

Kalilu ya buga ƙirji. "Ni ta gani."

Siddiƙa ta ce, "To ka fita a sake."

Ya fita ya tsaya bayan ƙofa. Aka sake, wutar ta sake mutuwa. Malama ta ce wa yara wuta sai da iska take rayuwa, in aka toshe mata iska ta mutu. Daga waje Kalilu ya ɗaga murya, "Ƙanshina ta ji!"

Ya lura dai Malama na cinye shi a gaban yara. Don haka da ta fita alwalar azahar, ya tara su a gindin rumfa ya ce zai ba su sirrin aiki, wanda ba a rubuta shi a littafi.

"Duk inda kuka ga hayaƙi, kada ku tambayi kowa. Ku ƙirga ɗaya, biyu, uku. Ku ce gobara da ƙarfi. Ku watsa ruwa. Me na ce?"

"Ɗaya, biyu, uku, gobara, ruwa!"

Wannan darasi kam ya shiga, ya zauna daram. Da safe Kalilu na buɗe ƙofa ya tarar da Iya Auta, kakar Siddiƙa, tsaye da tukunya a hannu. Ta buɗe murfin ta kara masa a hanci.

"Ɗan nan, duba min wannan. Tuwo ne ko kunu?"

"Iya, kamar dai yana tsakani."

"Ina tsaka da tuƙi 'yar nan ta zo ta bayana ta ƙirga uku ta juye min buta a murhu. Na hura, ta sake. Jiya da gari da ƙuli muka kwana, da girmana!"

Ba ta rufe baki ba sai ga wata amarya daga layin baya riƙe da kaskon turaren wuta, ya zama taɓo, ƙanen mijinta ne ya yi aikin. Sai ga mai tsire. Sai ga Ɗantsoho da kansa, wandonsa a jiƙe har gwiwa.

"Kalilu, yara uku suka taru a kan murhun shayina. Da layi suka zo, wallahi, kamar sojoji."

Kalilu ya gyara hular kwano. "Ka ga tarbiyya ke nan. Da layi ka ce?"

"Zan faɗi maganar rake."

"Wane rake? Sha shayinka, Ɗantsoho."

"Da wace wutar?"

Hajiya ta ba kowa haƙuri, Malama ta kwashe kwana biyu tana warware wa yara cewa wutar girki ba gobara ba ce, kuma in sun ga wuta babba za su kira. Yara suka gyaɗa kai. Amma darasin Kwamanda ya fi daɗin rerawa, yana nan kwance a cikinsu yana jiran hayaƙi.

Kalilu kuwa ko a jikinsa. Shi damuwarsa ranar iyaye. A ganinsa wutar kwali wutar ragwaye ce, ba mai tafa wa mutum don ya kashe fenti. Hajiya ta hana shi ashana, amma ai ba ta ce komai a kan garwashi ba. Ya samu gwangwanin madara babba, ya cusa busasshen kashin shanu da tsumma, abin da zai yi hayaƙi ba harshe. Ya kuma aro lasifikar Ya'u, mai tallan maganin gargajiya a kasuwa, don kowa ya ji umarninsa.

Abin da ya manta shi ne lokacin kaka ne. Kowane gida a unguwar an jibge karan dawa a tsakar gida, an ɗora harawa a kan soro, rumbuna cike. A irin wannan lokaci mutanen unguwar da kunne ɗaya suke barci. Kuma suna da tsarinsu tun kaka da kakanni: in aka ji ihun gobara ba a tsayawa tambaya. Maza su fara yaye duk wata zana da rumfa da ke kusa don wuta ta rasa abin ci, mata su biyo da ruwa, sai ƙura ta lafa a tambayi gidan wa ne.

Ranar Asabar da hantsi iyaye suka cika rumfa, maza a benci, mata a tabarma, kowa cikin kayan fita. Malama Fadila ta fara. Yara suka taka tsanin alli suna ƙirgawa har goma. Suka jera bokitai daga ƙarami zuwa babba. Suka nuna soso na shan ruwa dutse ba ya sha. Iyaye suka yi ta tafi, har Iya Auta ta ɗan saki fuska.

Tafin nan ya soki Kalilu a zuciya. Kowa Malama, Malama, shi yana tsaye a gefe cikin rigar roba yana zufa kamar an dafa shi. Ya ajiye lasifikar a kunne a gaban layin yara, ya sulale bayan ɗan gidan kwalin da aka kafa a tsakar fili. Ya jefa garwashin da ya ɓoye a cikin gwangwanin, ya hura sau uku. Hayaƙi ya taso, baƙi, mai kauri, mai warin garke. Shirinsa ya fito ya ba da umarni cikin ƙasaita.

Yara ba su jira shi ba. Talatin ɗin nan suka hangi hayaƙi, idanunsu suka yi haske.

"Ɗaya! Biyu! Uku! Gobaraaa!"

Lasifikar Ya'u an saba da ita a tsakiyar kasuwa ranar cin kasuwa. Ta ɗauki muryar yara talatin ta watsa ta har bakin tasha.

Kafin Hajiya ta miƙe, ƙofar makaranta ta bugu da bango. Maza suka kwararo, wani da gatari, wani da lauje, wani da kumfar sabulu a rabin kai daga wurin wanzami. Ba wanda ya dubi kowa. Suka yi kan rumfar da iyaye ke zaune, mutum shida suka kama ginshiƙai suka ce "Ya Allah!" Zana ta yi sama, rana ta sauko a kan manyan baƙi. Wani Alhaji ya tashi gudu, babbar rigarsa ta kama benci, ya tafi da bencin da mutum biyu a kai.

Hajiya na ihu, "Ku tsaya! Rumfata! Wasa ne!"

Wani ya amsa mata yana jan zana, "Yi haƙuri Hajiya, dukiya ake ceto!"

Kalilu ya ga abin ya fi ƙarfinsa. Ya ruga ya fizgi lasifika don ya ce wa jama'a wasa ne, sai yatsansa ya danna wani maɓalli. Muryar Ya'u da aka naɗa ta ɓarke a kan taro: "Ina mai basir? Ina mai ciwon baya? Ina wanda zama ya gagara? Matso kusa, kada ka ji kunya!" Ya danna, ya sake dannawa, murya ta ƙaru. Ya jefar da ita cikin tulin zana, tana can tana ta kiran masu basir.

Can ya hango Hajiya ta nufo gidan kwali, gyale a ɗamare, tana bin hayaƙi da hanci. In ta ga gwangwanin nan, shi da aji har abada. Ya riga ta isa, ya naɗe gwangwanin da tsumma, ya cusa shi cikin rigar ruwa, ya rungume, ya ja zif har wuya. Ya juyo yana murmushi.

"Kalilu, wuta ka kunna min a makaranta?"

"Ni? Hajiya, ko ashana kin gan ni da ita?"

"To hayaƙin nan daga ina?"

"Wane hayaƙi?"

Yana rufe baki hayaƙi ya ɓullo ta wuyan rigar, ya zagaye hular kwano. Ya fito ta hannun dama, ya fito ta hannun hagu. Kalilu ya tsaya ƙiƙam yana tari, yana turnuƙewa kamar murhun da aka hura da ɗanyen itace, yana cewa shi bai ga komai ba.

Daidai nan Mati ɗan garuwa ya danno kurarsa cike da jarkoki, mata na biye da shi da bokitai da robobi. Mati ya nuna da yatsa.

"Ga ta can! Mutum ne ya kama! Maigadi ne ke ci!"

"Ba na ci! Ku saurara, ni ne Kwaman..."

Bokitin farko ya shige masa baki. Na biyu ya tafi da hular kwano. Mata suka yi layi daga kurar Mati, bokiti na bin hannu, kowace ta iso ta yi bisimilla ta sheƙa masa. Iya Auta ta karɓi nata ta ce, "Wannan na tuwona ne," ta auna fuska.

Yara kuwa suna gefe inda Malama ta tattara su. Abin da aka koya musu suka yi, suka shiga ƙirga.

"Uku! Huɗu! Biyar!"

Kalilu ya juya zai gudu, santsi ya kwashe shi, ya zauna daɓas a cikin taɓo, har yanzu yana rungume da cikinsa. Robar rigar ta hana ruwa isa ga gwangwanin, don haka hayaƙi bai fasa ba, jama'a ma ba su fasa ba.

"Tara! Goma!"

Nan ne iyakar karatunsu, ba su taɓa wuce goma ba. Suka yi tsit. Bokiti na gaba ya sauka a ƙeyar Kalilu. Siddiƙa ta dubi yatsunta, sun ƙare. Ta ce a hankali, "Goma... da ɗaya?"

Malama ta ce, "Goma sha ɗaya."

Shi ke nan, hanya ta buɗe. "Goma sha biyu! Goma sha uku!" Da kansu suke yi, ba mai gaya musu. Iyayen da suka watse suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, wani ba hula, wata ba takalmi ɗaya. Alhajin da ya ja benci ya tsaya baki buɗe yana kallon ɗansa, yaron da ko sunansa ba ya faɗa a gaban baƙo, yana tsalle yana "goma sha bakwai". Daɗi ya kama Alhaji har ya manta da yagaggiyar rigarsa. Ya ce wa Mati, "Ƙara masa, mu ji iyakarsu!"

Kalilu ya ɗago kai daga taɓo. "Alhaji, ka ji tsoron Allah!"

A goma sha tara yara suka sake cijewa. Malama ta ce ashirin, suka karɓe, suka ci gaba. Sai a ashirin da uku ruwan Mati ya ƙare. Ɗantsoho ya ce tunda ruwa bai yi ba a birkiɗa shi a yashi. Mutum huɗu suka kama Kwamanda suka mirgina shi sau biyu, zif ya ɓalle, gwangwani ya faɗo ya gangara har gaban Hajiya yana fitar da hayaƙinsa. Wata mata ta kife gwangwanin da roba, hayaƙin ya mutu.

Fili ya yi shiru, in ban da lasifika da ke can ƙarƙashin zana tana tambayar wanda zama ya gagara.

Mai rabin aski ya dubi gwangwani, ya dubi Kalilu. "Don wannan na baro wanzami?"

Ɗantsoho ya ce, "Ku yi masa uzuri, jama'a. Shi a fannin rake ya ƙware." Ya kwashe labarin ci-rani kaf ya zazzage, tun daga farashin gaɓa har wuƙar fere rake. Dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki.

Kalilu na zaune, yashi ya manne masa tun daga gira har yatsun ƙafa, haƙora na kaɗawa. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Amma kunnensa na aiki. Ya ji iyaye sun kewaye Hajiya suna cewa wannan wasa kada a daina shi, yaran da suka shigo da goma ga su za su koma gida da ashirin da uku. Maza har sun fara mayar da ginshiƙan rumfa. Ya ja jiki ya matsa.

"Hajiya," ya ce da 'yar murya, "iyaye dai suna murna."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Suna yi."

"To, maganarmu fa?"

"Ba na saɓa alkawari. Za ka shiga aji, kowace Alhamis. Sauran kwanaki kana bakin ƙofarka."

Kalilu ya miƙe, ƙirji ya fara dawowa. "Dama na sani. Lissafi zan ɗauka ko kimiyya?"

"Malama ke koyarwa. Kwalin wutarta ya jiƙe ya lalace, tana neman abin da yara za su riƙa watsa wa ruwa suna ƙirgawa. Sun fi ganewa da kai."

Siddiƙa ta ja gyalen Malama ta ce, "To yanzu me za mu riƙa ce masa?"

Malama Fadila ta danne dariya. "Duk wanda ke aiki a aji, Malam ake ce masa."

Yara talatin suka juyo gare shi, suka haɗa baki kamar yadda suke gaida manya da safe. "Sannu da aiki, Malam Gobara!"

Kalilu ya tsaya, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ya juya sunan a ransa, ya ga dai rabin farkon nasa ne, ba mai ƙwace masa. Ya share yashi daga ido, ya gyara tsayuwa.

"Yauwa, yara," ya ce. Sannan ya sunkuyo wajen Malama ya rage murya. "Don Allah, ranar Alhamis a riƙa ɗumama ruwan."